Ba rashin 'yan wasa ke rufe kulob ɗin petank na ƙauye ba

A ƙauyukan kudancin Faransa da wuya ka ratsa dandalin gari da yamma ba ka tarar da mutane shida ko takwas sun yi cirko-cirko a kan tsakuwa, suna jifa da dunƙulen ƙarfe ba. Wasan petank ke nan, inda kowane ɓangare ke ƙoƙarin kusantar da dunƙulensa ga wani ɗan ƙwallon katako fiye da na abokin hamayya. An fara shi a garin La Ciotat kusa da Marseille wajajen 1907, lokacin da ciwon gaɓɓai ya hana wani ɗan wasa, Jules Lenoir, yin 'yar gudun da tsohon salon wasan yake buƙata kafin jifa, sai aka yarda kowa ya yi jifa a tsaye, ƙafafu biyu a ƙasa cikin da'ira. Yau hukumar wasan ta Faransa, wadda aka kafa a 1945, tana da masu lasisi wajen 300,000 a dubban kulob, ban da miliyoyin da ke bugawa lokacin hutu ba tare da kati ba.

Mai wucewa zai ɗauka wasa ne da ba ya buƙatar kowa, tunda ga fili, ga ƙarfe, ga mutane. Wannan zaton shi ke cutar ƙananan kulob. Ra'ayina shi ne, kulob ɗin ƙauye ba ya rufewa don 'yan wasa sun ƙare. Yana rufewa ne ranar da mutum biyu ko uku da suka ɗauki dukan ɗawainiyar a kansu suka gaji, ko suka tsufa, ko ɗaya ya kwanta asibiti, aka duba aka ga ba wanda ya san inda takardu suke. Kuma maganin ba yabo ba ne, ba kuma albashi ba. A fitar da aikin daga kan mutum uku, a rubuta shi, a gutsuttsura shi yadda mai awa biyu a mako zai iya ɗaukar nasa kason.

Sai mun san yawan aikin kafin mu yi gardama a kan rabonsa.

Fara da fagen. Dokar wasan ta ce fagen manyan gasa mita 15 ne a tsawo, 4 a faɗi. A ƙananan gasa ana yarda da 12 da 3. Fage mai kyau ba share ƙasa kawai ba ne. Ana haƙa zurfin santimita 20 zuwa 30, a shimfiɗa irin yadin nan na roba mai barin ruwa ya wuce amma ya hana ciyawa da laka tasowa, a zuba manyan tsakuwa santimita 10 zuwa 15 don ruwa ya sami hanya, a bi da tsakuwa mai haɗe da gari santimita 5 zuwa 10, sannan a rufe da yashin dutse kamar santimita 3 zuwa 5. Kowane hawa sai an yayyafa masa ruwa an daɓe shi da injin daɓe kafin a ɗora na gaba. Fage ɗaya na 15 da 4 murabba'in mita 60 ne, don haka kaurin santimita 5 kaɗai yana cin kubik 3, wato kusan tan 5. Kulob mai fage takwas ya ninka wannan, ya kuma tuna cewa mota tana juyewa ne a bakin hanya, sauran aikin na baro da shebur ne.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Idan yashin sama ya yi kauri, dunƙule yana nutsewa inda ya faɗi, ba ya gangarawa, wasan ya zama na kowa da kowa, gwani da ɗan koyo ba bambanci. Idan aka yi arha aka sayo tsakuwar kogi mai santsi, ba ta kama juna komai daɓen da aka yi mata. Fasasshen dutse mai kaifi-kaifi shi ke riƙe ɗan'uwansa. Idan aka manta da 'yar gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ruwan sama ya kwanta a tsakiya, a yi kwana uku ba wasa. Idan aka miƙe fagen gabas da yamma, rana mai faɗuwa ta cika idon masu jifa daidai lokacin da jama'a suka fi fitowa. Fitila kuwa idan gefe ɗaya aka kafa ta, inuwar dunƙule takan rufe ɗan ƙwallon katakon da ake nufa, wanda faɗinsa milimita 30 ne kacal, awo ya koma musu.

Gina fage aikin mako ɗaya ne ko biyu, kuma mutane suna fitowa, don aikin gayya yana da daɗi: ana ganin farkonsa da ƙarshensa, ana ci ana raha. Abin da ba ya samun masu fitowa shi ne na bayan nan. Jan manjagara kowane mako don mayar da tsakuwar da ta taru a gefe, cike ramukan da masu harbi, wato masu jifa don kawar da dunƙulen abokin hamayya, suka haƙa a wuri ɗaya, cire ciyawa da hannu, kwashe ganyen itatuwa da kaka kafin ya ruɓe ya zama ƙasa, sauya katakon gefe da ya tsage, ɗaure igiyoyin da ke raba fage da fage, wanke ban-ɗaki, fitar da shara ranar da motar shara ke zuwa. Ba wanda ke ɗaukar hoton mai wanke ban-ɗaki. A yawancin kulob, mutum ɗaya ne mai ritaya da gidansa ke kusa yake yin duk wannan, kuma da yake bai taɓa kuka ba, kowa ya ɗauka fagen haka Allah ya yi shi.

Sai takardu. Kusan kowane kulob a Faransa ƙungiya ce a ƙarƙashin dokar 1 ga Yuli 1901, dokar da ta ba mutum biyu kacal damar kafa ƙungiyar da ba ta neman riba. Sauƙin kafawa ne ke ruɗin mutane. Bayan kafawa akwai babban taron shekara da rubuta abin da aka yanke, akwai sanar da ofishin gwamnati duk canjin shugabanni cikin wata uku, akwai sabunta lasisin kowane ɗan wasa a farkon shekara, wanda inshorarsa ke ciki. Wannan inshora ba ado ba ce. Dunƙulen gasa nauyinsa giram 650 zuwa 800 ne, ƙarfe zalla, kuma wanda mai harbi ya daka yakan yi tsalle ya sami ƙaurin ɗan kallo. Akwai takardar neman tallafi daga ofishin magajin gari, mai wa'adi, wadda in an makara sai baɗi. Yanzu kuma yawancin wannan ya koma kwamfuta, ga sakatare ɗan shekara saba'in da biyar, ga lambar sirri da ba wanda ya sani sai shi.

Ranar gasa ce ke fallasa komai. A ce ƙungiyoyi 32 na mutum bibbiyu suka yi rajista. Mutum 64 ke nan, kuma zagayen farko yana buƙatar fage 16 a lokaci ɗaya, don haka tun da safe sai an ja igiyoyi a filin ajiye motoci ko filin ƙwallo, da izinin magajin gari. Idan fitar da wanda aka cinye ake yi kai tsaye, zagaye biyar ne zuwa ƙarshe. Idan aka fara da rukunin huɗu-huɗu, mai kaiwa ƙarshe zai iya buga wasa bakwai. Wasa zuwa maki 13 yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya, wani ya wuce haka, kuma ƙungiya ɗaya mai nawa tana tsayar da reshe guda na jadawalin. Gasar da aka fara ƙarfe biyu na rana ba abin mamaki ba ne ta kai goma na dare. Kuma da wuya adadin ya zo daidai 32. Idan 27 suka zo, sai mai teburin rajista ya san cewa wasa 11 za a buga na share fage, ƙungiyoyi 5 su wuce da ƙuri'a, a sami 16. Wanda bai taɓa yi ba zai rikice a gaban mutum hamsin masu jira, kuma daga ranar ba zai sake yarda ya zauna a teburin ba. Ga gasar rarrashi ta waɗanda aka fitar da wuri, don kada mutumin da ya yi tafiyar kilomita arba'in ya koma gida bayan wasa ɗaya. Ga alƙali da tef ɗin awonsa da katunansa, rawaya na gargaɗi, ruwan lemo na soke dunƙule, ja na kora.

Kuɗin shiga gasa ba ya zama a aljihun kulob. Akasari yana komawa ga waɗanda suka yi nasara, wani lokaci ma kulob ya ƙara nasa a kai. Abin da ke kawo riba shi ne rumfar abinci da abin sha. A nan doka ta sa iyaka: ƙungiyar wasanni da hukuma ta amince da ita tana iya samun izinin magajin gari na sayar da giya marar ƙarfi sau goma a shekara, kowanne bai wuce awa 48 ba. Ba sai an ɓoye ba, wannan dogaro da rumfa rauni ne. Shi ke sa wasu iyaye ba sa son kawo 'ya'yansu, shi ke sa rigimar awo ta yi zafi bayan magariba, kuma shi ke sa mata biyu ko uku, galibi matan shugabanni, su wuni a tsaye suna suya da wanke-wanke ba tare da sunansu ya shiga jerin 'yan kwamiti ba.

To, wannan duka a kan wa yake? Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, fiye da rabinsu mazaunansu ba su kai 500 ba. A irin wannan ƙauye gidan waya ya rufe, shagon burodi ya koma mota mai zuwa da safe, makaranta an haɗe ta da ta ƙauyen gaba. Fagen petank na cikin wurare kaɗan da suka rage inda tsohon da matarsa ta rasu zai fito ya tarar da mutane ba tare da an gayyace shi ba, inda baƙon da ya sayi gida zai san sunan maƙwabcinsa. Wasan ya dace da wannan aiki fiye da kowanne, don ɗan shekara goma sha biyu da ɗan tamanin suna iya zama ƙungiya ɗaya, kuma mai keken guragu ma doka ta tanadar masa yadda zai yi jifa. Shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta wasa, ta shafi gari.

Wasu sukan ce tunda haka ne, a ɗauki ma'aikaci a biya shi. Lissafi ba ya yarda. Mafi ƙarancin albashi a Faransa ya haura Yuro 1,800 a wata kafin a cire komai. Kulob mai mutum arba'in, ko da kowa ya biya Yuro 50 a shekara, Yuro 2,000 ke nan, kuma kaso mai tsoka na hukumar wasan ne da rassanta. Kuɗin shekara guda bai biya wata biyu ba. Ko da kuɗin ya samu, da zarar an ce akwai mai albashi, wanda da yake ɗaukar manjagara don kansa sai ya fara nuna wa ma'aikaci inda ciyawa take. Abin da ya kamata hukumar gari ta ɗauka shi ne abin da hannu ba ya iyawa: tsakuwa da motar kawo ta, injin daɓe sau ɗaya a shekara, wutar lantarki, ruwa, rumfar fakewa, da ma'aikacin ofis da zai zauna da sakatare awa ɗaya su cike takardar tallafi. Sauran na 'yan kulob ne.

Amma 'yan kulob ba za su ɗauka ba muddin salon neman taimako bai canja ba. Shugaba ya tashi a taro ya ce "muna buƙatar masu taimako", kowa ya sunkuyar da kai. Ba rowa ba ce. Mutane sun ga abin da ya sami wanda ya ɗaga hannu shekara ashirin da suka wuce, har yau bai sauke ba. Mai aiki da 'ya'ya ƙanana ba zai shiga ɗakin da bai ga ƙofar fitarsa ba. Amma ka same shi shi kaɗai ka ce, "Asabar ta biyu a watan Yuni, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, kai da wance za ku karɓi kuɗin rajista, ga akwati, ga canji, ga takardar da ta nuna yadda ake yi", da wuya ya ƙi. Don haka aikin farko na kwamiti shi ne littafi guda, na takarda, a ajiye a ɗakin kulob: me ake yi a Janairu, me ake yi sati uku kafin gasa, wa ake kira don tsakuwa kuma wane girman tsakuwa ake saya, burodi nawa aka saya bara kuma nawa ya ragu, ina makunnin fitila yake, yaya ake jadawali in adadi bai cika ba. Makulli ya zama uku a hannun mutum uku. Lambar sirrin kwamfuta ta kasance a ambulan a wurin ma'aji. Duk wanda ya zauna a teburin rajista, a ajiye masa sabon mutum a gefensa, gasa biyu yana kallo, ta uku ya riƙe biro.

Na fi kowa sanin cewa maganar wa'adi tana da ɗaci. Shugaban da ya yi shekara ashirin ya kai tsakuwa da motarsa, ya biya kofuna daga aljihunsa, wa zai dube shi ya ce ya isa? Kuma ana tsoron in ya sauka ba mai hawa. Tsoron gaskiya ne, amma dalilinsa shi ne daɗewar. Wanda ya daɗe yakan fi kowa sauri, sai ya ga koya wa wani ɓata lokaci ne, ya ce "bari kawai in yi". Sabon da ya zo da shawara a ce masa an gwada ba ta yi ba. Bayan shekara biyu sabon ya koma zuwa ya yi wasansa ya tafi, shugaba kuma ya ƙara tabbata cewa ba wanda ya damu. Wa'adin shekara uku, sau biyu iyaka, tare da mataimakin da kowa ya san shi ne mai jiran gado, yana kare shugaban ne kafin kowa. In ya sauka ba korarsa aka yi ba. Fage ko koyar da yara yana jiransa, kuma a nan iliminsa ya fi amfani.

Kuɗi kuma a sauƙaƙa shi a fili. Sa hannu biyu a kan duk abin da ya wuce wani adadi da taro ya yanke, mutum biyu su ƙirga akwatin rumfa a daren gasa kafin kowa ya tafi, rasit a manne a littafi, lissafin shekara a liƙa a bango. Yawancin ma'ajin ƙauye ba ɓarayi ba ne, amma zargi ba ya jiran hujja, kuma mutumin kirki da aka yi wa raɗa sau ɗaya ya bar aikin ke nan. A kuma biya wa mai sa kai kuɗin man da ya ƙona. A Faransa wanda ya yafe wannan kuɗi a rubuce ga ƙungiyar amfanin jama'a yana iya samun ragin haraji na kashi 66 cikin 100 na adadin, amma talakan da ba ya biyan harajin kuɗin shiga ba abin da wannan zai tsinana masa, shi a ba shi kuɗinsa a hannu.

Akwai wata gardamar da ke raba kulob biyu, ta gwanaye da 'yan nishaɗi. Gwanaye suna son fage mai wuya, kuɗin tafiya gasar lardi, da abokan wasa na dindindin. Suna da hakki, kuma su ke sa sunan ƙauye a jarida. Sai dai kulob ɗin da ya juya dukan kuɗinsa ga mutum shida zai wayi gari ba mai soya musu nama. Abin da ke haifar da masu sa kai shi ne wasan gauraye na mako-mako, inda ake zuba lambobi a jaka kowa ya zara, a canja abokin wasa kowane zagaye, zagaye uku ko huɗu, a jera mutane da yawan nasara sannan da ratar maki. Ba ya barin kowa a benci, tunda ƙungiyar mutum biyu dunƙule uku-uku take riƙewa, ta mutum uku kuma bibbiyu, shida ke nan kowane ɓangare. Mutum 22 sai a yi wasa huɗu na bibbiyu da ɗaya na uku-uku. A nan ne gwani yake faɗawa ƙungiya ɗaya da matar da ta fara jifa watan jiya, dole ya koya mata ko su sha kashi tare. Wanda aka yi wa haka shi ne gobe zai zo da kek, jibi ya karɓi makulli. Saboda haka ne ma ban goyi bayan a kewaye fagen da ke kan filin gari a ce sai mai kati ba. Mai bugawa ba kati yau shi ne ɗan kulob na baɗi, in ba a kore shi ba.

Wasan ya daɗe da barin Faransa. Hukumarsa ta duniya an kafa ta a Marseille a 1958, Madagaska ta ci kofin duniya a 1999 da 2016, a karo na biyun ma ta doke Benin ne a wasan ƙarshe a Antananarivo, Kwatano kuma ta karɓi gasar duniya a 2023. A Yamai da sauran manyan garuruwan Nijar ana buga shi da yamma, sau da yawa a filin da ba na kowa ba, shayi na kan wuta a gefe. Masu son mayar da irin wannan zama ƙungiya mai rajista, a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984, matsalarsu ta fage daban ce. Burji da aka tankaɗe aka daɓe yana yin fage mai kyau ba sai an sayo dutse ba, amma damina tana wanke garinsa, don haka magudana a gefe ta fi komai. Katako a ƙasa abincin gara ne, bulo ko tsohuwar taya sun fi shi. Dunƙulen da aka bari a rana a watan Afrilu ba ya taɓuwa, kuma jadawalin gasa dole ya bar gurbin la'asar da magariba, in ba haka ba wasa ya watse a tsakiya. Dunƙulen gasa kuma yana da tsada, don haka saiti biyu ko uku na ƙungiya, da littafin da ke nuna wanda ya ara, su ne za su ba yaro marar hali damar farawa. Matsalar mutane kuwa iri ɗaya ce, sai dai a nan takan zo da siffar Alhaji guda mai biyan komai, wanda ranar da aka yi masa canjin wurin aiki fitila ta mutu.

A Faransa babban taron shekara yakan faɗo ƙarshen shekara, kafin a buɗe sabunta lasisi. Kwamitin da yake son sabbin hannaye kada ya jira ranar. Tun a watan Satumba, lokacin da fage ke cike, ya liƙa takardar ayyukan baɗi a ƙofa, kowane aiki da ranarsa da awanninsa da gurbin suna biyu, sannan 'yan kwamiti su raba sunayen 'yan kulob a tsakaninsu, kowa ya sami nasa mutum biyar ko shida ido da ido. Guraben da suka rage babu suna zuwa ranar taro, a karanta su a fili, a kuma faɗi gasar da za a soke in ba a cike su ba.